Aji Ɗaya, Turanci Iri Huɗu: Nazarin Wani Gwaji a Wata Ƙaramar Sakandare a Katsina

A mako na huɗu na zangon farko na shiga aji ɗaya don duba darasi, kamar yadda aikina na shugaban sashen harsuna ya tanada. Tun daga baranda nake jin muryar yara kamar za ta ɗage kwanon rufi. Malama ta karanta jimla, aji ya amsa. Ta sake, su sake. Wanda ya wuce ta bakin taga zai rantse karatu ya zauna.

Na zagaya baya na tsaya kan wani yaro da muryarsa ta fi ta kowa. Na ce ya miƙe ya karanta mini layin farko. Ya zubo shi tas, ko tuntuɓe babu. Sai idona ya kai kan littafin da ke hannunsa: shafi na 12 ya buɗe, alhali karatu yana shafi na 9. Na ɗora yatsa a kan kalma guda na ce, "To, wannan fa?" Ya dubi kalmar, ya dubi Malama, ya sunkuyar da kai.

Malamar ba raguwa ba ce, kuma ba ta yi abin da ba a koya mata ba. An ba ta littafi, an ba ta tsarin aikin zango da muke kira sikim, an ce ta gama kafin jarrabawa. Ita kanta ta san abin da ke ƙasa. Da muka koma ofis abin da ta ce mini ke nan: "Malam, in na tsaya wa na baya, na gaba su yi barci. In na bi na gaba, na baya su zama 'yan amshi. Wanne zan ɗauka?"

Makarantar ta gwamnati ce, ta je-ka-ka-dawo, a cikin birnin Katsina. Ajujuwa biyu wannan labari ya shafa, kowanne da yara sama da tamanin, benci mai cin mutum uku yana ɗauke da biyar, ragowar a ƙasa. Darasi minti 40. Yaran kuwa ba hanya ɗaya suka biyo ba. Akwai 'yan firamaren gwamnati, akwai waɗanda aka ciro daga makarantun kuɗi da aljihun iyaye ya gaza, akwai waɗanda ƙarfinsu yana Islamiyya da makarantar allo, akwai kuma yaran da rashin tsaro ya taso da iyayensu daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana, wasunsu sun yi shekara ɗaya ko biyu ba su taka aji ba.

Manufar ilimi ta ƙasa, a lokacin da ta fito a 1977, cewa ta yi a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankin da yake zaune, daga baya a juya zuwa Turanci. Bugun da suka biyo baya, kafin a sauya tsarin, sun fayyace: shekara uku na farko da harshen gida, daga aji huɗu a fara juyawa. Littafin Turancin aji ɗaya na sakandare an rubuta shi bisa zaton wannan juyi ya auku, wato yaron da zai buɗe shi ya riga ya yi shekara uku yana ɗaukar darasi da Turanci. A ajinmu, waɗanda wannan zato ya dace da su ana ƙirga su da yatsu.

Awo a gindin dogon yaro

Dabarar ba tawa ba ce. Wani abokin aiki da ya halarci bita a Kano ne ya dawo da labarin tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, na koyarwa daidai da matakin yaro. A ajiye shekarun yaro da sunan ajinsa gefe, a auna abin da zai iya karantawa yau, a haɗa shi da sa'o'insa a karatu. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, masanan tattalin arzikin da suka ci kyautar Nobel a 2019, sun daɗe suna gwada tsarin a makarantun Indiya, kuma ya iso Najeriya, an taɓa shi a Borno da Kano. Takardar awon guda ce mai hawa-hawa: haruffa, kalmomi, ɗan sakin layi, gajeren labari. Inda yaro ya cije, nan ne matakinsa.

Mu sai muka yi takarda biyu, ta Hausa da ta Turanci. Muka kuma ƙara abu ɗaya: duk yaron da ya karanta labarin Turanci, sai a ce masa da Hausa, "Ba ni labarin abin da ka karanta." Wannan ƙarin ya fi komai tona asiri.

'Yar bautar ƙasa da aka turo mana daga Kudu ta kawo shawarar mu ɗauki ma'aunin ƙwarewar harshe na Turai da aka fitar a 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2. Na duba shi da kyau. Ma'auni ne mai tsari, amma ya fi dacewa da wanda ya riga ya iya karatu da rubutu a harshensa. Da mun bi shi, kusan duk yaran za su cunkushe a matakin farko ko ƙasa da shi, mu koma gidan jiya.

Kwana biyar muka yi mu malamai huɗu, lokacin tara da bayan tashi, yaro ɗaya bayan ɗaya, kamar minti biyar kowanne. Babu maki, babu bulala a kusa. Duk da haka wasu hannunsu rawa yake yi.

Abin da ya fito ya kasu huɗu. Kashi mai yawa ba sa iya haɗa baƙi da wasali, da Hausa ko da Turanci. Kashi na biyu suna karanta Hausa suna tsintar kalmomin Turanci ɗai-ɗai. Na uku, waɗanda suka fi ba ni mamaki, suna karanta labarin Turanci da murya sumul, amma in ka ce su ba ka labarin sai ido. Na huɗu, masu karantawa su gane, ba su kai ashirin ba a ajujuwan biyu. Abu guda ya fito fili a takardun: da wuya ka ga yaron da ya kasa karanta Hausa amma ya karanta Turanci.

Ƙofofi huɗu

Muka nemi shugaban makaranta ya daidaita jadawali, Turancin ajujuwan biyu ya faɗo lokaci guda, darasin farko na safe, kwana uku a mako. A wannan lokaci yara su watse zuwa rukunoni huɗu: biyu a ajujuwa, ɗaya a ɗakin gwaje-gwajen da babu kayan gwaji a cikinsa, ɗaya a inuwa. Sauran kwana biyu Malama ta ci gaba da littafi. Malamai huɗu: ni, da Malama, da 'yar bautar ƙasa, da wani ɗalibin kwalejin ilimi da ya zo koyon aikin koyarwa.

Don kada a ce rukunin daƙiƙai da na masu ƙoƙari, muka raɗa musu sunayen ƙofofin gari: Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi. Ba tare da mun yi tunani ba, masu farawa daga haruffa suka faɗo a Ƙofar Sauri. Kwana biyu bai cika ba yara suka gane wace ƙofa ce ta wa, tsokana ta tashi: "Ga masu sauri nan!" Yaro ba a ɓoye masa matsayinsa da suna. Abin da ya kashe tsokanar daga baya shi ne ganin ana fita daga ƙofar.

Ni na ɗauki Ƙofar Sauri, kuma da Hausa na fara: ba, bi, bu, be, bo. Shugaban makaranta ya leƙo ya ji, ya kira ni gefe. "Malam, wannan darasin Turanci ne ko na Hausa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na karatu ne." Dalilina shi ne rubutun Hausa ba ya yaudara, abin da ka gani shi za ka furta. Yaron da ya haɗa "ka" da "za" ya ji bakinsa ya ce "kaza", nan take ya gane abin da karatu yake nufi, domin ya san kaza. In da Turanci ka fara masa, kaya biyu ka ɗora masa lokaci guda, baƙon rubutu da baƙuwar ma'ana. Turancin kuwa ban bar shi ba, ta kunne nake shigar da shi a minti goma sha biyar na ƙarshe: tashi, zauna, buɗe ƙofa, miƙo alli, taɓa hanci. In faɗa da Turanci, su aikata. Ba na tilasta wa kowa magana.

Waɗanda suka fi saurin kamawa a wannan rukuni 'yan makarantar allo ne. Yaron da ya wuce babbaƙu da farfaru ya riga ya san baƙi yana ɗaukar wasali sautinsa ya canza. Da na ce musu "a" tana aikin fataha, "i" kisira, "u" rufu'a, sai na ga fuskoki sun washe. A rajista waɗannan yara ba su iya karatu ba. A gaskiya sun iya, da wani rubutun ne.

Sai da muka tsallaka zuwa Turanci tarkon ya bayyana. Harafin "c" a Hausa shi ne na "ci" da "ciki". Na rubuta "come" a allo, aji ya karanta shi da ƙarfi yadda Bahaushe zai karanta, gaɓa biyu, "co" da "me", kamar sunan wani ƙauye. Muka yi dariya tare. Daga nan na fara gaya musu gaskiya a fili: Turanci harshe ne da rubutunsa ba ya cika alkawari. Muka ware bango guda na kalmomi masu gaskiya irin su "bag" da "sit" da "pen", da wani na mayaudara irin su "come" da "one" da "said", waɗanda sai dai a san fuskarsu. Ga kuma rigimar "p" da "f", waɗanda Hausa ba ta raba su. Bakatsinen da ke cewa "hwari" a gida aikinsa ma ya fi yawa. Na riƙa sa su riƙe 'yar takarda a gaban leɓe: in ta yi tsalle an faɗi "pan", in haƙori ya taɓa leɓe an faɗi "fan". Ban ɓata lokaci mai yawa a nan ba. Lafazi yana iya jira, karatu ne ba ya jira.

Ƙofar Guga, ta masu karanta Hausa suna tsintar kalmomin Turanci, ba ta ba da wahala ba. Ɗalibin kwalejin ya riƙa gina gajerun jimloli da su da katuna, kuma su ne suka fi kowa motsi.

Ƙofar Marusa ce ƙashin bayan matsalar, kuma Malama ce ta ɗauke ta. Waɗannan yara sun ƙware a wata sana'a da firamare ta koya musu: in an yi tambayar auna fahimta, sai su nemi jimlar da ke da kalmomi irin na tambayar, su kwafe ta ɗungurungum. Sau da yawa amsar tana dacewa, malami ya ba da maki, kowa ya tafi da farin ciki. Shekaru suna cin jarrabawa da wannan dabara ba su san abin da suka rubuta ba. Malama ta toshe hanyar. Ta daina tambayar da za a iya kwafo amsarta. A karanta layi uku, a rufe littafi, ka gaya wa na kusa da kai da Hausa, sannan ku zana abin da ya faru. Ta kuma ajiye labaran littafi ta koma ga Turancin da ke yawo a gidajensu: kwalin taliya, ledar omo, saƙon da kamfanin waya ke turowa, takardar da ke cikin kwalin magani. Ranar da na leƙa, kwalbar maganin tari ce a hannunta, tana tambaya: ƙaninka ɗan shekara huɗu cokali nawa za a ba shi, sau nawa a rana? Aji ya kaure da gardama, kowa yana nuna layi. Karo na farko ke nan da na ga yaran suna faɗa a kan ma'ana.

A wannan lokaci na safe mun dakatar da tarar banakula, wato tarar da ake cin yaron da ya yi Hausa a makaranta. Ban taɓa ganin yaron da tara ta koya wa Turanci ba, shiru kawai take koya masa.

Ƙofar Durɓi muka ba 'yar bautar ƙasa, tunda ba ta jin Hausa, dole su yi mata Turanci. Suka yi wasiƙu, suka yi muhawara. Amma a nan muka yi kuskuren da ya fi tsaya mini. Duk ranar da wani malami bai zo ba, sai mu kwashe su mu rarraba su taimaka wa sauran rukunoni. Wata uwa ta zo har ofis. "Malam, 'yata karatu na kawo ta ko aikin koyarwa? In aiki ne a fara biyanta." Ba ni da amsa. Su ma suna da matakin da ya kamata a ja su zuwa gare shi, mu kuwa mun ɗauka sun isa. Masanin koyon harshe Jim Cummins ya daɗe da bambance Turancin hira da Turancin karatu: na farko yaro yana iya kama shi cikin kamar shekara biyu, na biyu yakan ci biyar zuwa bakwai, kuma a inda Turanci ke kewaye da yaro ke nan. Yaran Durɓi suna da na farko. Na biyun, wanda za su rubuta kimiyya da tarihi da shi, yanzu suka fara.

Yara biyu sun ƙi shiga kowace ƙofa daidai. Ɗaya yarinya ce da ta tashi a Legas inda mahaifinta ke kasuwanci. Bakinta ya fi na kowa, Turanci da buroka duk tana zubawa, amma haruffa sun gagare ta. Awo ya jefa ta Ƙofar Sauri, ta yi kwana uku ba ta zo ba. Da ta dawo sai na raba mata lokaci: ta yi karatu da mu, in an zo ɓangaren magana ita ce mai ba da umurni. Ɗayan yaro ne da ke rubuta sakin layi mai tsabta amma ko sunansa ba ya iya faɗa da Turanci sai ya yi gumi. Su biyun suka nuna mini gurgun awonmu. Karatu kaɗai muka auna, alhali ji da magana da karatu da rubutu kowanne da tafiyarsa a jikin yaro guda.

Taron iyaye

Ƙorafi ya taru har ya kai taron iyaye da malamai. Wani uba ya miƙe ya ce, "Malam, ni Turanci na kawo ɗana ya koya, ya dawo gida yana yi mini ba-bi-bu. Hausa ai a nono ya sha ta." Aka yi dariya, amma da yawa suna bayansa, kuma damuwarsu tana da tushe. Sun san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, kuma a jarrabawar JAMB Turanci dole ne ga kowa. Na ce maganar ya sha a nono, rubutun bai sha ba. Ban ga alamar na gamsar da shi ba.

Wani dattijo mai almajirai a unguwar, wanda jikansa ke ajin, ya nemi izini. Ya dubi shugaban makaranta ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. Amma a zaurena akwai mai babbaƙu, akwai mai farfaru, akwai mai izu goma, kowa da allonsa. Ban taɓa ce wa yaro ya wanke allo don sa'ansa ya wanke ba. Sai ya biya." Wuri ya yi tsit. Har na fara jin daɗi, sai ya juyo kaina. "Sai dai, Malam, mu kullum sai mun saurari kowane yaro. Ku za ku iya?"

"Allah gafarta Malam, muna ƙoƙari," na ce. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji amsar da ya zata.

Akwai masu cewa a garin nan aka yi Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, ga shi Turancinsu har yau ana misali da shi, to me ya same mu? Gaskiya ne. Amma waɗancan 'yan ƙalilan ne da aka tsamo daga lardunan Arewa gaba ɗaya, suna kwana a makaranta, malami ya san kowa da sunansa. Ginin yana nan ya zama gidan tarihi, mai so ya je ya dubi girman ajujuwan.

Inda aka samu cikas

Bayan mako shida muka sake awo da sababbin takardu. Fiye da rabin Ƙofar Sauri suka haye, wasu 'yan makarantar allo ma suka tsallake Guga gaba ɗaya. Marusa ta motsa a hankali, kamar yadda na zata, domin sauke tsohuwar ɗabi'a ya fi ɗora sabuwa wuya. Yara biyu ya kamata su koma baya, mun yi kuskuren sanya su tun farko. Ɗaya muka mayar, ya yi fushi har ƙarshen zango. Ɗayan muka bar shi, kuma har yanzu ban tabbata wanne muka yi wa daidai ba.

Sai jarrabawar ƙarshen zango ta zo, takarda ɗaya ga kowa, daga littafi. Yaron da ya shigo bai san harafi ba, ya fita yana karanta gajeren labari da Hausa da jimlolin Turanci masu sauƙi, ya samu jan biro a katin sakamako daidai da wanda bai motsa ba. Babu gurbi a katin da za a rubuta nisan da ya yi. Na rubuta wa kowane yaro 'yar takarda da Hausa na maƙala, ina bayyana inda ya fara da inda ya kai. Wasu iyayen sun karanta. Wasu jan biron kawai suka gani.

Jami'an duba makarantu da suka zo ba su ce tsarin ba shi da kyau ba. Sikim suka buɗe, suka ga Malama tana baya da babi huɗu, suka rubuta. Shugaban makaranta ya kare mu a gabansu, amma bayan tafiyarsu ya rage mana kwanakin daga uku zuwa biyu.

A zango na biyu ɗalibin kwalejin ya koma makarantarsa. Kafin ƙarshen zangon 'yar bautar ƙasa ta gama hidimarta, ba a turo madadinta a Turanci ba. Muka rage mu biyu. Ƙofofi huɗu suka koma biyu: ni da masu koyon karatu, Malama da masu koyon fahimta, 'yan Durɓi a bayan ajinta da littattafan labari da muka tara daga gidajen malamai a cikin kwali. Yara sama da tamanin a gaban kowannenmu, kamar da, sai dai yanzu tazarar da ke tsakaninsu ta ragu.

Awon shiga ya zauna, duk sabon ɗan aji ɗaya sai ya bi ta gindin dogon yaro a makonsa na biyu, kuma mun ƙara minti biyu na hira da Turanci saboda yarinyar Legas. Ni da Malama har yanzu ba mu daidaita a kan tsawon lokacin da ya kamata a yi a Hausa ba, ita tana ganin mako uku ya isa, ni ina cewa shida. Yaron shafi na 12 yana wajenta yanzu. Takardar da muka rubuta ta neman ƙarin malamin Turanci guda ɗaya an karɓa, an buga mata hatimi.